Inuwa Kafin Ƙwallon Taswirar Duniya: Koya Wa Ƙananan Yara Dalilin Zafi, Sanyi Da Damina

"Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce, ina koyar da yara 'yan shekara biyar zuwa takwas. Kwanakin baya wata yarinya ta tambaye ni me ya sa wani lokaci ake sanyi, wani lokaci zafi, wani lokaci kuma ruwa. Na ce mata duniya ce take matsawa kusa da rana sai a yi zafi, in ta yi nisa a yi sanyi. Tun daga ranar zuciyata ba ta kwanta da wannan amsar ba. Littafin da muke amfani da shi kuma lokuta huɗu ya zana, har da dusar ƙanƙara, abin da yaran ba su taɓa gani ba. Mene ne ainihin dalilin, kuma ta yaya zan koyar da shi ba tare da na rikita su ba?"

Wa alaikumus salam, Malama. In na fahimce ki, abu biyu kike nema: gaskiyar al'amarin, da gwargwadon abin da ɗan shekara shida zai iya ɗauka daga cikinta. Akwai na uku da ya laɓe a cikin tambayar, wato yadda za a yi da littafin da yake bayanin wani sama daban da wanda yaran suke kwana a ƙarƙashinsa. Na daɗe ina koyar da kimiyya a firamare kafin in koma horar da malamai, kuma wannan darasin yana cikin waɗanda suka fi ba ni wahala, don haka zan ɗan ja bayanin.

Zuciyarki ta yi gaskiya da ta ƙi kwanciya, amsar da kika bayar ba daidai ba ce. Amma kada ki ji kunya. A ƙarshen shekarun 1980 an tare waɗanda suka kammala Jami'ar Harvard ta Amurka a ranar bikin yaye su, aka yi musu wannan tambayar, mafi yawansu suka ba da irin amsarki. Amsa ce mai shiga hankali, domin kowa ya san in ka matsa kusa da wuta ka fi jin zafi. Sai dai lissafi ya ƙaryata ta. Duniya ta fi kusa da rana a farkon watan Janairu, tazarar kusan kilomita miliyan 147, ta kuma fi nisa a farkon Yuli, kusan kilomita miliyan 152. Ke nan a daidai lokacin da mutanen Turai da arewacin Asiya suke rawar ɗari, a lokacin ne muka fi kusa da rana. Ga wata hujjar da ko yaro zai gane: a watan Disamba ana sanyi a Ingila, ana zufa a Ostireliya. Duniya ɗaya ce, nisanta da rana ɗaya ne a ranar. Da nisa ne yake kawo sanyi, da tare za su ji shi.

Karkatar duniya

Duniya tana yin tafiya iri biyu. Tana juyawa a kan kanta sau ɗaya cikin awa 24, shi ne dare da rana. Tana kuma zagaya rana sau ɗaya cikin kwana 365 da kusan rubu'in kwana, ita ce shekara. Ki ɗauka an soke ƙwallo da tsinke daga sama zuwa ƙasa, ƙwallon yana juyawa a kan tsinken. Tsinken duniya ba a miƙe yake ba, ya karkata da kusan digiri 23.4, kuma duk inda duniya ta je a zagayenta karkatar tana fuskantar waje ɗaya, wajen Tauraron Arewa. Wannan na ƙarshen shi ne abin da mutane suka fi mantawa. Duniya ba ta lilo, ba ta sunkuyawa ta ɗago. Karkatar na nan yadda take, wurin da duniya take game da rana ne yake sauyawa. Saboda haka wajen 21 ga Yuni rabin duniya na arewa ne yake fuskantar rana sosai, wajen 21 ga Disamba kuma rabin kudu. A tsakani, wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba, babu wanda ya fi wani, dare da yini sukan kusan zama daidai a ko'ina.

Abu biyu wannan karkatar take haifarwa. Na farko, tsayin rana a sama. In rana ta hau tsakiyar kai, haskenta yakan taru a wuri kaɗan ya gasa shi. In ta tsaya ƙasa-ƙasa, hasken nan ɗaya yakan bazu a fili mai faɗi, ƙarfinsa ya ragu. Ranar da take digiri 30 sama da gefen sararin sama, kowane taku na ƙasa yakan samu rabin hasken da zai samu da a ce tana bisa kai. Na biyu, tsawon yini. A Landan yini yakan wuce awa 16 da rabi a Yuni, ya dawo ƙasa da awa 8 a Disamba. A garin Tromsø na ƙasar Norwe, daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa sam, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma ba ta fitowa. Rana mai tsayi da yini mai tsawo su ne zafi, rana mai ƙasa-ƙasa da gajeren yini su ne sanyi. Iyakar bayanin da littattafai suke yi ke nan, kuma ya wadatar da wanda yake zaune nesa da tsakiyar duniya.

Inda ruwa ne yake raba shekara

Ga wanda yake zaune a yankin tsakiya, tsakanin digiri 23.4 arewa da digiri 23.4 kudu da layin Ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, bayanin bai ƙare ba, kuma daga maganarki na gane yaranki a nan suke. A wannan yankin rana ba ta taɓa yin ƙasa sosai. A wurin da yake digiri 12 arewa, misali, yini mafi tsawo bai kai awa 13 ba, mafi gajarta kuma kusan awa 11 da rabi ne. Bambancin bai isa ya kawo ƙanƙara ba. Abin da yake raba shekara a irin wannan wurin shi ne zuwan ruwa da ɗaukewarsa, amma in kin bi diddigi, karkatar nan dai ce take jan ragamar.

Inda rana ta fi gasa ƙasa, iska takan yi zafi ta tashi sama. In ta hau sai ta huce, danshin da ta ɗauko ya taru ya zama gajimare, hadari ya haɗu. Gurbin da ta bari a ƙasa kuma iska ce take kwararowa daga arewa da kudu ta cike shi. Wannan wurin haɗuwar iskoki ya zagaye duniya kamar ɗamara, kuma ɗamarar ba ta zama wuri ɗaya. Tana bin rana arewa a tsakiyar shekara, ta bi ta kudu a ƙarshenta, amma kullum a makare, da jinkirin wata ɗaya ko fiye, domin ƙasa da teku ba sa ɗumama nan take. A Afirka ta Yamma, in ɗamarar ta hau arewa sai iska mai danshi ta biyo ta daga Tekun Atlantika, damina ta kama, ta fi ƙarfi a yankin Sahel a watan Agusta. In ta koma kudu sai busasshiyar iska ta sauko daga Sahara ta arewa maso gabas, ɗauke da ƙura, wadda mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Wannan shi ne hunturu. A lokacin nan ne Zambiya da Zimbabuwe suke tsakiyar daminarsu, domin ɗamarar tana kansu. Wuraren da suke dab da Ikwaita kuwa sau biyu take ratsa su, tafiya da dawowa, shi ya sa Kenya take da damina biyu, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama daga Oktoba zuwa Disamba.

Wannan ne kuma yake warware abin da yake ɗaure wa manya kai, balle yara: me ya sa bazara ta fi damina zafi alhali a duka biyun rana tana sama? A bazara rana ta hau, sama fes, ƙasa a bushe, babu abin da yake tare ta. Da gajimare ya zo sai ya zama laima, ruwan da ya jiƙa ƙasa kuma yana shanye zafi yayin da yake bushewa. Sanyin hunturu shi ma haka yake da dalilai a haɗe. Rana ta fi yin ƙasa a lokacin, hazo yana rage ƙarfinta da yini, da dare kuma busasshiyar iska ba ta riƙe ɗumin da ƙasa ta tara, sai ya tsere sama, asuba ta yi sanyi.

Wani ɗan gargaɗi a kan kalma kafin in wuce. Ki guji cewa "sauyin yanayi" in kina nufin zuwan damina da rani, domin a rediyo da jaridu wannan lafazin ya riga ya zama sunan matsalar ɗumamar duniya. Ki ce lokutan shekara, ko ki kira kowanne da sunansa.

Abin da ƙaramin kai yake iya ɗauka

Duk abin da na faɗa a sama naki ne, Malama, ba na ɗan shekara biyar ba. Kuskuren da na yi a shekarun farko na aikina shi ne na ɗauko ƙwallon taswirar duniya da fitila tun ranar farko, na kashe wutar aji, na yi ta zagaye ina bayani. Yara suka yi tsit, suka ji daɗi, suka tafa. Bayan mako biyu na tambaye su me ya sa ake sanyi, wani yaro ya ce saboda Malam ya kashe wuta. Ya fi ni gaskiya, domin abin da ya gani ke nan.

Dalilin yana cikin yadda yara suke ɗaukar siffar duniya. A 1992 masu bincike biyu, Stella Vosniadou da William Brewer, sun wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa yaran firamare a kan wannan. Yara da yawa sukan amsa da baki cewa duniya zagayayya ce, amma in an zurfafa tambaya sai a tarar wani yana nufin zagaye irin na faifai, wani yana ganin ƙwallo ne mai rami a ciki mutane suna zaune a kan shimfiɗa a cikinsa, wani ma duniya biyu yake da su a kansa, ɗaya ƙwallon da yake sama, ɗaya ƙasar da yake takawa. Yaron ya haɗa abin da aka gaya masa da abin da idonsa yake gani ya ƙera nasa. Tun kafin su, Jean Piaget, masanin tunanin yara na ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa ƙananan yara suna shan wuya wajen kwatanta yadda abu zai kasance in an kalle shi daga inda ba su tsaya ba. To bayanin karkatar duniya kacokan a kan wannan ya dogara: sai ka fita daga duniya da tunaninka, ka hango ta daga nesa, ka kuma dawo ka tsaya a kanta ka ɗaga kai. Nauyin ya yi wa ɗan shekara biyar yawa.

Don haka ra'ayina, kuma na tsaya a kansa, shi ne a jinkirta ƙwallon duniya. A fara da abin da yaro zai gani da idonsa daga inda yake tsaye, a bar shi ya tara shaida wata da watanni, har tambayar ta fito daga bakinsa. Gani ya kori ji. Abin da ya fi kowane kayan aiki arha da gaskiya a wannan darasin kuwa ita ce inuwa.

Sanda, alli da haƙuri

Ki sami sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya, ki kafa ta a filin makaranta inda rana take samu tun safe har yamma, a wurin da ba za a tumɓuke ta ba. Ranar farko wasa kawai za a yi. Da safe, da tsakar rana, da kuma kafin a tashi, yara su je su sa alama a ƙarshen inuwar da alli ko tsakuwa. Su tsaya bibbiyu, wannan ya zana inuwar wancan, a dawo bayan awa biyu a ga ta gudu daga zanen. Kada ki yi bayani. Ki tambaya: ina ta tafi? Wa ya matsar da ita? In rana tana can, inuwa tana ina? A ranar ne kuma za ki kafa doka ɗaya da babu sassauci a cikinta, ba a kallon rana kai tsaye, ko da tabarau, ko ta cikin hazo. Inuwa muke kallo, ita take ba mu labarin rana.

Daga nan sai aikin shekara. Sau ɗaya a mako, a rana ɗaya, a auna inuwar tsakar rana. Ki lura tsakar ranar sama ba lalle ta dace da ƙarfe goma sha biyun agogo ba. Lokacin da inuwa ta fi gajarta a yinin, gab da zawali, shi ake nema, kuma yini ɗaya na dubawa duk bayan minti goma ya isa ki gane shi. Ƙananan ba sai sun san santimita ba. A yanki zare daidai tsawon inuwar, a manna shi a bango kusa da na makon jiya, a rubuta kwanan wata a ƙasa. Bayan wata uku bangon da kansa zai fara magana, zaren suna tsawo ko suna gajarta a jere kamar matakala. A wurin da yake digiri 12 arewa, inuwar sandar mita ɗaya takan kai kusan santimita 70 a ƙarshen Disamba, tana nuna arewa. Daga nan ta yi ta raguwa har wajen ƙarshen Afrilu ta ɓace ƙarƙashin sandar, sannan ta ɓullo ta kudu, ta kai kusan santimita 20 a Yuni, ta sake ɓacewa a ƙarshen Agusta. A Landan sandar nan ɗaya inuwarta takan wuce mita uku da rabi a Disamba, ta dawo kusan rabin mita a Yuni, kuma ba ta taɓa ɓacewa.

Wannan ranar da inuwa take ɓacewa, ita ce ranar da na fi so a shekarar koyarwa. Yankin tsakiyar duniya kaɗai yake da ita, galibin wurare sau biyu a shekara, kuma yaron Turai ba zai taɓa ganinta a ƙasarsu ba. Na taɓa jera kwalabe da gwangwanaye a fili muka zauna muna jira, da lokacin ya yi sai wata yarinya ta durƙusa tana leƙa ƙarƙashin gwangwani tana neman inda inuwar ta shige. Ga manyan ajin, a nan nake kawo labarin Eratosthenes, masanin da ya rayu a Iskandariya ta Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Ya ji cewa a garin Aswan na yanzu akwai ranar da rana take haska ƙasan rijiya da tsaka, alhali a Iskandariya a ranar sanda tana da 'yar inuwa. Ya auna kusurwar ya samu kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira, da wannan ya lissafa girman duniya. Yara sukan yi mamaki in sun ji cewa kayan aikinsa bai wuce nasu ba.

A gefen zaren inuwa, ki buɗe kalandar aji. Kowace safiya yaro ɗaya ya zana abin da ya gani: rana, gajimare, ruwa, hazo, iska. Ki yanke kan gorar roba ki kifa shi a cikinta ya zama mazurari, a ajiye a fili, bayan kowane ruwa a sa alama inda ya kai. A zaɓi bishiya ɗaya ta zama ta aji, a riƙa zana ta duk wata, a ga lokacin da ganyenta yake zuba da lokacin da take tohowa. In akwai yaran da suke ganin fitowar rana daga ƙofar gidansu, su lura da abin da take fitowa a bayansa, bishiya ce ko gini. Za su tarar ba kullum take fitowa wuri ɗaya ba, a Yuni ta karkata arewa maso gabas, a Disamba kudu maso gabas. Manya da yawa ba su taɓa lura da wannan ba. Ga 'yan shekara biyar da shida, wannan ya isa darasin shekara guda, kuma jumla ɗaya suke buƙata su tafi da ita: hanyar rana a sama tana sauyawa a hankali, zafi da iska da ruwa kuma suna biye da ita.

Tocila, sannan ƙwallo

'Yan shekara bakwai da takwas za su iya ƙara mataki ɗaya. A ɗaki mai ɗan duhu, ki haska tocila a kan takarda daga sama kai tsaye, yaro ya zana da'irar hasken. Sai ki karkata tocilar ya sake zanawa. Zanen na biyu ya fi faɗi, haskensa ya fi dushewa. Ki tambaye su: tocilar ce ta rage ƙarfi? In ba ita ba ce, ina hasken ya tafi? A nan akwai tarkon da na sha faɗawa. In kin karkata tocilar hannunki yakan ja baya ba ki sani ba, yara kuma su kammala cewa nisa ne ya rage hasken, kin dawo da su inda kika fito. Ki ɗaura zare a bakin tocilar, wani yaro ya danne ɗaya bakin a tsakiyar takardar, don kowa ya ga nisan bai canja ba.

Sai bayan wannan ƙwallon duniya yake da amfani. Ki ajiye ƙwan fitila marar murfi a tsakiyar ɗaki, ki manna tauraron takarda a can saman bango ɗaya. Yaro ya riƙe ƙwallon yana zagaya fitilar, sharaɗin wasan shi ne kan tsinken ya riƙa nuna tauraron duk inda ya je. Sauran yaran su ne alƙalai, da ya kauce su yi ihu. Ki manna ɗan guntun ashana a tsaye a kan inda kuke a taswirar, a tsaya a wurare huɗu, a juya ƙwallon har ashanar ta fuskanci fitila, a duba inuwarta. Za su ga ta yi tsawo a wani gefen ɗakin, ta gajarta a wani. Sai ki nuna musu zaren da suke bango. A daidai nan ne abin yake haɗuwa a kan wasu, za ki gani a fuskarsu. Wasu ba zai haɗu ba sai baɗi, kuma babu laifi.

Ki kula da kalmar "kusa". In kin ce rabin arewa ya karkato wajen rana, yaro zai ji kamar ya matso ne shi ya sa ya yi zafi. Ki ce ya fuskanci rana. Fitilar ajin ma tana ƙara wannan ruɗanin domin ta yi kusa ainun. Da za a yi abin bisa ma'auni, in duniya ƙwallo ce mai faɗin santimita 30, rana za ta zama mai faɗin kusan mita 33, a nisan kilomita uku da rabi. A irin wannan tazarar, matsowar da karkata take kawowa ba a bakin komai take ba. Zanen littattafai ma yana da nasa laifin, domin yakan ja hanyar duniya ta yi tsawo kamar ƙwai, alhali a gaskiya da ƙyar ido zai bambanta ta da cikakkiyar da'ira.

Littafin nan naku kuwa kada ki jefar da shi, kada kuma ki sa yara su haddace lokutansa huɗu a matsayin nasu. Ki ajiye shi sai sun san shekararsu da sunayenta, bazara, damina, kaka, hunturu, sannan ki buɗe shi a matsayin labarin wasu yara a wani wuri. Ki nuna wurin a ƙwallon, a manna ashana ta biyu a can, a gwada inuwar biyu. Dusar ƙanƙarar sai ta zama amsar tambaya: ga abin da yake faruwa inda rana take yin ƙasa sosai har yini ya gajarce.

Inda dabarar take tsayawa

Ɗamarar ruwan sama ita ce ɓangaren da ban taɓa samun hanyar nuna shi a aji yadda ya gamsar da ni ba. Ana iya nuna guntayensa. A zagaye ruwan da ya kwanta a ƙasa da alli a ga yana raguwa, a sa ruwan sanyi a kwalba a ga ta yi gumi, a ɗaura ƙyalle a kan sanda a ga iska ta juya tsakanin hunturu da damina. Amma haɗa waɗannan su zama iskar da take tafiyar ɗaruruwan kilomita, wannan sai sun girma. Ga ƙanana nakan tsaya a cewa ruwa yana bin rana a baya, kamar ƙaramin da yake bin yayansa ba ya cim masa. Ba cikakken bayani ba ne, amma babu abin da za su warware daga baya.

Karkatar duniya kuma tsarin shekara kawai take bayyanawa. Ba ta faɗin ranar da ruwan farko zai sauka, ko dalilin da ya sa daminar bana ta fi ta bara. Wannan ya haɗa da ɗumin teku, duwatsu, nisa da gaɓa da wasu abubuwan da aikin masana yanayi ne. Sandar ma tana da ranakun da ba ta aiki, in hadari ya rufe sama ko hazo ya yi kauri, kuma dogon hutu yakan cinye wasu makonni masu muhimmanci. In haka ta faru a bar gurbin a bango, a sa yara su yi hasashen tsawon zaren da ya ɓace daga na gabansa da na bayansa.

Ita kuma yarinyar da ta yi tambayar, ki koma wurinta. Ki ce mata kin sake bincike kin gano amsar ranar nan ba daidai ba ce, kuma kina so ku nemo ta gaskiyar tare. Ki ba ta zaren farko ta yanka da hannunta, ki rubuta sunanta da kwanan wata a ƙasansa.